Harshen Gude da Aikin James Hoskison

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga kasuwar Mubi zai ji Hausa da Fillanci sun cika kunne. Amma idan ya nufi kudu, wajen Gella da duwatsun da ke iyaka da Kamaru, zai ji wani harshe dabam, wato Gude. A wannan ɗan taƙaitaccen tarihi za mu dubi aikin masanin da ya bayyana nahawun wannan harshe, da abin da mu manazarta Hausa za mu ƙaru da shi.

Matsayin Harshen

Gude ɗan uwan Hausa ne, domin dukkansu 'yan iyalin harsunan Cadi ne, waɗanda Joseph Greenberg ya sanya cikin babban gidan Afro-Asiya a littafinsa na 1963. A rabe-raben Paul Newman na 1977, Hausa tana reshen yamma, Gude kuwa tana reshen Biu-Mandara, rukuni ɗaya da Bata. Siyasa ta raba masu harshen gida biyu: bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 yankin Mubi ya shigo Nijeriya, sauran danginsu suna cikin Kamaru.

Ayyukan Hoskison

James T. Hoskison, Ba'amurke, ya fitar da maƙala kan aikatau da tsarin sautin Gude a 1974. A 1975 ya sake fitar da wata kan yadda harshen yake ƙarfafa wani yanki na jimla. A 1983 ya kammala kundin digirinsa na uku a Jami'ar Jihar Ohio, wanda ya haɗa nahawu da ƙamus na Gude.

Babban abin da ya ja hankalin masana shi ne ginin jimla. Bahaushe yakan ce "Musa ya sayi doki", wato aikau, sannan aikatau, sannan karɓau. A Gude kuwa aikatau ke fara zuwa a jimla ta yau da kullum, sai aikau, sai karɓau, kamar jumla fi'iliyya da muka sani a Larabci. Wannan ya ƙara wa wata muhawara ƙarfi: shin uwar harsunan Cadi da aikatau take fara jimla, ko da aikau? Zygmunt Frajzyngier ya goyi bayan ra'ayi na farko, yana kafa hujja da harsunan Biu-Mandara. Idan haka ne, to Hausa ce ta sauya tsari, Gude kuwa ta riƙe tsohon gado. Har wa yau, da kundin Hoskison aka dogara wajen shigar da Gude cikin babban taswirar tsarin harsunan duniya da aka buga a 2005.

Koyon Harshe

Amfanin wannan bincike bai tsaya ga masana ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa. Sai dai ba a rubuta littafin firamare sai an san sautukan harshe da ƙa'idojin jimlarsa, kuma nahawu da ƙamus su ne harsashin wannan gini. Haka nan malamin da ke koyar da Hausa ko Ingilishi ga ɗan Gude, idan ya san tsarin jimlar da yaron ya tashi da shi, zai gane tushen kurakuransa, ya daina ɗora masa laifin dakikanci.

Kammalawa

Tilas mu faɗa wa kanmu gaskiya. Hausar da muke alfahari da bunƙasarta ita ce take janye matasan ƙananan harsuna daga harsunan iyayensu. Fiye da shekara 40 ke nan da kammala kundin Hoskison, kuma harshe ba ya tsayawa wuri guda. Ɗalibanmu da suka fito daga Mubi su suka fi kowa cancantar sake bin sawun wannan aiki, su gyara, su ƙara. Namu shi ne mu buɗe musu ƙofa a sassanmu, domin wanda bai san danginsa ba, bai gama sanin kansa ba.