YADDA BIKIN KIRSIMETI YA ISO GIDAJENMU

Daga nan Minna muke miƙa gaisuwa zuwa ga 'yan'uwanmu Gbagyi da Nufawa, Kambari da Kamuku, Dukawa da Dakarkari, da dukan waɗanda ke da harshensu na gida amma suke yabon Allah tare da mu cikin Hausa.

Hunturu ya shigo. Hazo ya rufe duwatsu, ƙafa ta fara kaushi, an yanke dawa, an tara doya. Yaran da suka tafi Abuja da Kaduna neman abinci suna shirin dawowa gida. Kowa ya san Kirsimeti ta matso. Amma mu tambayi kanmu: daga ina wannan biki ya fito, ta wace hanya kuma ya iso ƙofar gidanmu?

Littafi Mai Tsarki bai faɗa mana ranar da aka haifi Yesu ba. Luka sura 2 ta ba mu zamanin, wato lokacin ƙidayar da Kaisar Augustas ya umarta, ta ba mu garin, wato Baitalami, amma ba ta ba mu wata ko rana ba. Masu bi na farko sun fi sa zuciyarsu ga mutuwar Ubangiji da tashinsa. Shaida mafi daɗewa da aka samu a rubuce ta nuna cewa ikkilisiyar birnin Roma tana kiyaye ranar 25 ga Disamba tun shekara ta 336. Har yau ma ba dukan masu bi ne suke yi a rana ɗaya ba. 'Yan'uwanmu na Masar da Habasha suna nasu bikin ranar 7 ga Janairu, Armeniyawa kuwa ranar 6 ga Janairu. Don haka kada mu yi gardama a kan rana. Ikkilisiya ce ta keɓe ranar, amma haihuwar aikin Allah ne.

Wani zai ce, “Ai bikin Turawa ne.” Gaskiya ne hotunan da ake sayarwa a kasuwa suna nuna ƙanƙara da wani tsoho mai jar riga. Amma ku sake duba labarin. Akwai matafiya da aka tilasta musu komawa garin kakanninsu. Akwai masauki da ya cika. Akwai jariri a komin dabbobi, da makiyaya masu kwana a daji suna tsaron garke. Wane ne cikinmu bai san waɗannan abubuwa ba? Kuma lokacin da Hirudus ya nemi ran yaron, ƙasar da ta ɓoye shi ita ce Masar, a nan Afirka. Labarin ya fi kama da ƙauyukanmu fiye da hotunan kasuwa.

To, yaya ya iso gare mu? Ranar 4 ga Disamba 1893 samari uku suka sauka Legas: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Nufinsu shi ne su kai bishara can cikin ƙasa. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham a Legas, sauran biyun suka kama hanyar arewa. Kafin Kirsimeti ta 1894 duka biyun sun rasu: Gowans a Girku, Kent kuwa a Bida, cikin jiharmu ta Neja. Ba su ga ikkilisiya ko ɗaya da idonsu ba.

Amma aikin bai mutu tare da su ba. A 1902 aka buɗe tashar mishan a Patigi, a ƙasar Nufe, a 1904 kuma a Wushishi. Daga nan aikin ya kai Paiko da Minna, cikin Gbagyi. Likita Andrew Stirrett ya yi shekaru yana wa'azi da Hausa a kasuwanni. A. W. Banfield ya ba da ƙarfinsa ga koyon Nufanci da juya Maganar Allah. Ba kuwa su kaɗai suka yi ba. Kakanninmu ne suka koya musu harshe, suka gyara musu magana, su ne kuma suka ɗauki bisharar a ƙafa daga ƙauye zuwa ƙauye. A 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki cikin Hausa, a 1953 kuma cikin Nufanci. A 1954 ikkilisiyoyin da suka fito daga wannan aiki suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA.

'Yan'uwa, a nan ne ma'anar Kirsimeti take. Yahaya sura 1 ta koya mana cewa Ɗan Allah ya ɗauki jiki irin namu, ya zauna a tsakiyarmu. Bai aiko da saƙo daga nesa ba, shi da kansa ya zo. Ya sha nono, ya koyi harshen uwarsa, ya yi magana da karin mutanen Galili, waɗanda mutanen birni suke renawa. Idan haka ne, babu harshen da ya yi ƙanƙanta a wurin Allah, babu kuma ƙauyen da ya yi masa nisa.

Ba za mu ɓoye ba, wannan rana ta taɓa zama mana ranar kuka. Da safiyar 25 ga Disamba 2011, bam ya tashi a majami'ar St. Theresa ta Katolika a Madalla, kusa da Suleja, lokacin da jama'a suke fitowa daga sujada. Fiye da mutum 30 suka rasa rayukansu. Amma ku tuna, Matiyu sura 2 ta nuna cewa ko a Baitalami an yi kukan iyaye mata. Almasihu ya san irin duniyar da ya shigo. Shi ya sa ba mu daina taruwa ba, ba mu kuma ɗauki hanyar ramuwa ba. Har yanzu muna aika wa maƙwabtanmu Musulmi shinkafa da nama ranar Kirsimeti, kamar yadda suke aiko mana da Sallah. Kada mu bar wannan zumunci ya mutu.

Saboda haka muna roƙon kowane maigida da uwargida abu uku. Na ɗaya, kada ku ci bashi domin atamfa da takalmi, kada kuma ku sayar da hatsin da zai kai ku damina saboda bikin kwana biyu. Na biyu, ku nemi gwauruwa ko maraya, ko wanda 'yan bindiga suka kora daga gonarsa, ku zaunar da shi a kan tabarmarku. Na uku, daren jajibere ku tara yara a bakin wuta, ku buɗe Luka sura 2. Idan akwai Littafin cikin harshenku, ku karanta cikinsa. Idan babu, ku karanta da Hausa, sa'an nan kaka ta maimaita labarin da harshen gida, domin jikokin da suka girma a birni su ji cewa Yesu nasu ne.

Kai mai sauraro, an kawo maka wannan labari da tsada mai yawa. Masaukin Baitalami ya cika, bai sami wuri ba. A zuciyarka fa, akwai wuri?

Ubangiji ya kiyaye matafiya, ya ta'azantar da masu makoki, ya ba ƙasarmu salama. Sai mun sake saduwa a shiri na gaba. Amin.