Tarihin Rubuta Magunguna Masu Haɗari ta Kwamfuta a Asibitocin Amurka

Rubuta wa majiyyaci magani ta kwamfuta ya samo asali ne a Amurka. A 1971 asibitin El Camino da ke Kalifoniya ya fara amfani da wata manhaja da kamfanin Lockheed, mai ƙera jiragen sama, ya tsara, inda likita zai shigar da umarninsa kai tsaye. Kafin nan likita da alƙalami yake rubutawa, mai haɗa magani ya karanta, ma'aikaciyar jinya ta sake kwafewa a takardarta. A kowane mataki ana iya kuskure. Harafin U da likitoci ke sawa bayan adadin insulin yakan yi kama da sifili, sai 4 ta koma 40.

Masu bincike na farko sun hango abin da ya wuce gyaran rubutu. A Indiyanapolis, Clement McDonald na cibiyar Regenstrief ya nuna a 1976 cewa likitoci sun fi ɗaukar matakin da ya dace idan kwamfuta ta tunatar da su. Hujjarsa ita ce ba jahilci ke sa likita kuskure ba, bayanai ne suka yi wa ƙwaƙwalwa yawa. Duk da haka asibitoci kaɗan ne suka bi sahu, domin tsarin yana da tsada.

Mutuwar Betsy Lehman a Disamba 1994 ce ta girgiza jama'a. 'Yar jarida ce mai rubutu kan lafiya a Boston Globe, ana yi mata jinyar sankarar mama a cibiyar Dana-Farber. An rubuta adadin cyclophosphamide da ya kamata a raba mata cikin kwana huɗu, amma rubutun mai harshen damo ne, sai aka riƙa ba ta adadin gaba ɗaya kowace rana. Sai bayan makonni da rasuwarta aka gano kuskuren. A wannan tsakanin ne ƙungiyar ISMP mai fafutukar hana kuskuren magani ta ware wasu magunguna da ta kira masu haɗari: insulin, magungunan kashe zafi irin su morphine, heparin mai hana jini daskarewa, da ruwan potassium chloride mai kauri. Ba wai an fi yin kuskure da su ba ne. Kuskurensu ne ba ya ba da damar gyara.

A 1998 David Bates da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon asibitin Brigham and Women's na Boston: manyan kurakuran magani sun ragu da kashi 55 cikin ɗari bayan an koma kwamfuta. Shekara guda bayan haka rahoton To Err Is Human ya ƙiyasta cewa kuskuren asibiti na kashe Amurkawa 44,000 zuwa 98,000 duk shekara. Daga nan aka ɗauki kwamfuta tamkar maganin dukkan matsalar, amma an yi gaggawa.

Ba a jima ba aka ga ɗaya fuskar. A farkon 2003 asibitin Cedars-Sinai na Los Anjeles ya dakatar da sabuwar manhajarsa saboda likitoci sun yi mata bore. A 2005 Ross Koppel ya lissafa hanyoyi 22 da manhajar wani asibiti ke sauƙaƙa kuskure. A wannan shekarar kuma wani bincike daga asibitin yara na Pittsburgh ya nuna yawan mace-macen yaran da ake kawowa daga wasu asibitoci ya tashi daga kashi 2.8 zuwa 6.57 bayan an kafa tsarin, inda ɗaya daga cikin matsalolin shi ne ba a iya rubuta magani sai yaro ya iso an yi masa rajista. An yi jayayya kan wannan sakamako, amma ya sa an daina ganin manhaja a matsayin abin da ake saya a kunna kawai.

Babbar damuwa ita ce yawan gargaɗi. Wani nazari na 2006 ya gano cewa likitoci na tsallake kashi 49 zuwa 96 na gargaɗin da ke fitowa a allo, domin galibinsu ba su da amfani. A 2013, a asibitin jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, an ba wani yaro ƙwayar Septra 38 da rabi maimakon ɗaya: likita ta shigar da adadin ne a gurbin da ke ninka shi da nauyin jiki, ita da mai haɗa magani kuma suka tsallake gargaɗin.

Dokar HITECH ta 2009 ta zuba biliyoyin daloli har yawancin asibitocin Amurka suka koma rumbun bayanan kwamfuta. Aikin da ya biyo baya na tacewa ne. Ana rage ƙananan gargaɗi, ana sa shinge mai tsauri a kan magunguna 'yan ƙalilan. Methotrexate da ake sha sau ɗaya a mako don amosanin gaɓɓai, manhaja kan ƙi karɓarsa idan an rubuta kullum ba tare da dalilin sankara ba. Heparin kan zo da jadawalin da ke bin nauyin majiyyaci da gwajin jininsa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin rage mummunar cutarwar magani da rabi cikin shekara biyar, ta kuma sa magunguna masu haɗari cikin fannoni ukun da ta fi ba fifiko.