Wasannin 'Yan Mata a Ƙasar Yawuri: Daga Dandali Zuwa Filin Makaranta

Wasan 'yan mata a ƙasar Yawuri ya girmi makarantar boko nesa ba kusa ba. A garuruwan da yau suke cikin ƙananan hukumomin Ngaski, Yawuri da Shanga, inda Hausawa suka daɗe suna cuɗanya da Gungawa da Kambari, dandali ne filin wasa na farko. Da farin wata ya haska, an ci tuwon dare, sai 'yan matan unguwa su hallara a yi gaɗa.

Gaɗa waƙa ce da tafi da rawa a haɗe. Wata takan ba da waƙa, saura su amsa. A wani salon nata, 'yan mata kan jeru kamar rabin da'ira, ɗaya ta fito tsakiya ta taka, sannan ta saki jiki ta faɗo da baya, ƙawayenta su cafe ta su cilla sama. Mai faɗowa sai ta amince da na bayanta, masu cafewa kuma sai sun haɗa ƙarfi. Mai ba da waƙa tana koyon ɗaga murya a gaban jama'a ba tare da inda-inda ba. Da rana akwai carafke, wadda ake yi da tsakuwa, mai horar da ido da hannu, da 'yar gala-gala, ta tsalle da ƙafa ɗaya. Duk akwai ci da faɗuwa a cikinsu, amma wadda aka kayar yau ita ce abokiyar wasan gobe. Ta haka yarinya ke koyon cin nasara ba gori, da shan kaye ba gaba.

Mazauna gungu da bakin Kogin Kwara suna da ƙarin fage, domin iyo da tuƙa kwale-kwale abin yau da kullum ne ga yaransu, maza da mata. Daga rayuwar ruwan nan bikin Rigata na Yawuri ya samo tushe.

Babban sauyi ya zo da kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968. Ruwa ya haɗiye gungaye da ƙauyuka, aka sake wa dubban mutane matsuguni, tsofaffin dandali suka tafi tare da garuruwansu. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai makarantu ƙauyuka, ya zo da darasin motsa jiki da gasar wasanni tsakanin gidajen ɗalibai ta shekara-shekara, inda ɗalibai mata ke tseren gudu da tsalle, a ba wadda ta yi zarra kyauta a gaban iyaye.

Daga baya talabijin da wayar hannu suka janye yara daga dandali. Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin, musamman bayan harin da 'yan bindiga suka kai Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri ranar 17 ga Yuni, 2021, inda aka sace ɗalibai, akasarinsu mata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara masu shekara 5 zuwa 17 su motsa jiki na aƙalla minti 60 kullum. A da, gaɗa ce ke biya wa 'yan matan Yawuri wannan buƙata. Yanzu nauyin ya koma kan filin makaranta.