WASA FARIN GIRKI: DAGA MOTAR KARA ZUWA ƘARAMAR KWAMFUTA

Gabatarwa

Bahaushe ya ce wasa farin girki, watau abin da yaro ya saba taɓawa da hannunsa cikin wasa, shi ne harsashin sana'arsa in ya girma. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce bin diddigin wasannin ƙere-ƙere na yara a Rijiyar Zaki, wadda ke kan hanyar Gwarzo cikin Ƙaramar Hukumar Ungogo, tun daga zamanin kara har zuwa wata 'yar na'ura da ake kira Raspberry Pi, domin mu ga abin da ya kuɓuce mana da yadda za a maido shi.

Zamanin Kara

A da, Rijiyar Zaki ƙauye ne na manoma, gona na jikin gona kamar sauran karkarar da ke kewaye da birnin Kano. Da zarar kaka ta yi, an girbe gero da dawa, sai kara ya wadata, yara kuwa kakarsu ta yanke saƙa. Yaro zai ɓare ɓawon kara ya tsaga shi siri-siri, ya yayyanka totuwa, ya riƙa soka wannan cikin wancan har mota ta tashi, sannan ya fafe sakaina ya yi mata tayoyi. Ba malami, ba littafi. In taya ta karkace, shi zai gano dalili ya gyara. A nan yake koyon awo da daidaito da haƙuri, alhali shi a ganinsa wasa yake yi.

Da kayan kanti suka yawaita, sai wasan ya sake kama. Aka shiga yin motar langa-langa da ta gwangwanin madara da ta waya, har mai wayo ya kan nemo tsohon batirin rediyo da ƙwan tocila ya sa wa motarsa fitila.

Birni Ya Ci Gona

Jami'ar Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, daga baya kuma ta kafa sabon matsuguninta a kan wannan hanya ta Gwarzo. Sannu a hankali gonaki suka koma filaye, filaye suka koma gidaje, kara ya yi wuya. Amma jinin ƙirar bai mutu ba. A 2007 wani ɗalibin Fiziks na wannan jami'a, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota Honda Civic da tarkacen ƙarafa. Jirgin bai wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba, amma labarinsa ya zaga duniya.

Sai dai abin da ya maye gurbin kara a hannun yawancin yara shi ne wayar salula. Waya kuwa rufaffiyar aba ce. Yaro zai iya latsa ta yini guda, amma ba ya ganin cikinta, balle ya sake mata fasali.

Haihuwar Ƙaramar Kwamfuta

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. A Ingila, yaran shekarun 1980 sun tashi da kwamfutar BBC Micro ta 1981, wadda mai ita ke rubuta mata umarni da kansa. Wajen 2006, Eben Upton da abokan aikinsa a Jami'ar Kambirij suka lura cewa masu neman karatun kwamfuta sun ragu, waɗanda suka zo ɗin kuma ba su saba ƙera komai ba. Dalili ke nan da ya sa suka ƙudura yin kwamfuta mai arha, wadda yaro zai jagwalgwala ba tare da fargabar uban gida ba.

Ranar 29 ga Fabrairu, 2012, Raspberry Pi ta shiga kasuwa a kan dala 35. Allo ne tsirara guda ɗaya, girmansa kamar katin cirar kuɗi na banki. Ana jona shi da talabijin da allon rubutu, a sa masa katin ajiya, a ba shi wuta irin ta cajin waya. A gefensa akwai 'yan ƙusoshi, waɗanda suka zama 40 daga 2014, kuma ta nan ake haɗa fitila ko famfo ko ma'auni. A 2015 aka fitar da ƙanwarta, Pi Zero, a kan dala 5.

Abin Da Za A Iya Ƙerawa

Alal misali, mai lambu zai iya binne ma'aunin danshi a ƙasa, ya umarci na'urar ta kunna famfo in ƙasa ta bushe, ta kashe in ta ƙoshi. Haka kuma, da manhajar Kiwix ana iya zuba mata Wikipedia ta Hausa, ta zama laburaren unguwa da wayoyi za su shiga ba tare da intanet ba. Daɗin daɗawa, ana iya mai da ita agogon da ke lissafa lokutan salla na Kano, ko akwatin ajiye tatsuniyoyi da muryar tsofaffinmu. Da yake ba ta cin wuta da yawa, ƙaramin faifan sola da batir sun ishe ta.

Kammalawa

Jama'a masu karatu, darajar motar kara ba a karan take ba, a hannun da ya saba ƙira take. Gonakin da suka zama gidaje ba za su dawo ba, amma wannan allo yana iya zama karan yaran yau. Aikin da ya rataya a wuyanmu, mu ɗaliban Hausa, shi ne mu raɗa wa sassansa sunaye, mu rubuta darussansa cikin harshen da yaro ke wasa da shi, mu kuma tsallaka zuwa makarantun Rijiyar Zaki da ke maƙwabtaka da mu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.