Daga Sawakin zuwa Jidda: zangon ruwa na hajjin ƙasa

In ana labarin hajjin ƙasa a Katsinar Maradi ko Damagaram, akan daɗe a kan hanyar Cadi da gonakin audugar Sudan, sannan a ce «suka ƙetare». Wannan ƙetarewa, mai nisan kilomita 300 ko sama kaɗan, ita ce zangon da ya fi kowane haɗari, ita ce kuma wadda ba a cika koyarwa ba.

Bahar Maliya teku ce mai wuyar sha'ani. Duwatsun murjani sun yi jeri a gaɓoɓinta biyu, a ɓoye ƙarƙashin ruwa, kuma a rabinta na arewa iska daga arewa take busowa kusan duk shekara. Saboda haka jiragen da iska ke korawa sukan bi gefe da rana, matuƙi yana karanta launin ruwa: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore ko ja-ja dutse ne. Kafin magariba sai a shige wani lungun teku, abin da Larabawa ke kira marsa, a saki ƙugiya a kwana. Tafiya ce ta zango-zango, tamkar ta ayarin Azbinawa, sai dai nan marsa ce a madadin rijiya.

A shekara ta 1183, Ibn Jubair, marubuci ɗan Andalus, ya tashi daga Aizab zuwa Jidda cikin jirgin da ake kira jalba. Ya bayyana cewa babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa: da igiyar ɓawon kwakwa aka ɗinke katakan, aka shafe su da mai. Abin tarar iskar kuwa saƙa ce ta kabar goriba, irin wadda ake tabarma da ita a ƙauyukan Gobir. Ya yi tir da kwaɗayin masu jiragen, masu cusa alhazai kamar kaji a akurki, amma ya jinjina wa gwanintar matuƙa wajen kutsawa ƙunƙuntar mashiga. Sun fi mako guda a ruwa.

Bayan Aizab ta mutu, Sawakin ta gaje ta. Ƙaramin tsibiri ne a ƙarshen wata doguwar mashiga, gidajensa na dutsen murjani, kuma ya shiga hannun Turkawa a ƙarni na 16. Ƙuncin mashigar nan, wanda ya kare ƙananan jirage daga haukan teku, shi ya kayar da garin: manyan jiragen tururi ba su iya juyawa a ciki. A 1905 Ingilishi suka fara gina Bur Sudan, kimanin kilomita 60 a arewa, aka buɗe ta a 1909, fatake suka ƙaura, gidajen Sawakin suka shiga zubewa.

Amma jirgin iska bai mutu tare da garin ba, kuma talakawan alhazai na cikin waɗanda suka raya shi. Da hukumomin mulkin mallaka suka ɗora fasfo, kuɗin jirgi da zaman killacewa saboda annoba, Takari da yawa, Hausawa da Fulani da Barebari, ba su da abin biya. Sai su sauka wata marsa da dare, su shiga sambuk, jirgin katako na masunta da ƴan sumoga. Akan sauke su can kudu da Jidda, wajen Lis ko Ƙunfuza, su ƙarasa Makka a ƙafa.