Gobara da Ruwa a Tarihin Kasuwar Kwastam ta Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Tarihin kashe gobara a garin da ke bakin hamada tarihi ne na neman ruwa. Wannan maƙala ta dubi yadda aikin kwana-kwana ya iso Maiduguri, da irin jarrabawar da ya fuskanta a Kasuwar Gamboru, wadda jama'a suka fi sani da Kasuwar Kwastam.

2.0 Kafuwar Gari da Yanayinsa

A shekarar 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa, kusa da barikin da Turawan Ingila suka kafa, a gaɓar kogin Ngadda. Damina a wannan yanki ba ta cika wuce wata huɗu ba, kogin kuwa kan janye da rani. Idan hunturu ya kama, zana da jinka sun bushe ƙayau, iska kuma tana kaɗawa daga arewa maso gabas, tartsatsi ɗaya ya isa ya lashe unguwa. A wancan zamani, maganin gobara shi ne kururuwa da gudummawar maƙwabta: wasu su sheƙo da tuluna, wasu su watsa rairayi, wasu kuma su yaye jinkar ɗakunan da ke gaba don wutar ta rasa abin ci.

3.0 Zuwan 'Yan Kwana-kwana

Aikin kwana-kwana na zamani ya faro ne a Ikko a farkon ƙarni na 20, a matsayin reshe na 'yan sanda. Sai a 1963 aka yi dokar da ta kafa hukumar kashe gobara ta tarayya, aka bar wa sauran sassan ƙasa su kula da nasu. Da Maiduguri ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, sannan ta Jihar Borno a 1976, sai nauyin wannan aiki ya rataya a wuyan gwamnatin jiha. Sai dai bunƙasar gari ta riga tanadi gudu. Rumfunan katako da kwano suka cushe, hanyoyin cikin kasuwa suka tsuke, wayoyin lantarki suka yi ta ratsa juna. Motar kwana-kwana kuwa, komai kyanta, ruwan da ke tankinta kaɗai gare ta. In ya ƙare, tilas ta koma ɗebo wani, wuta kuma ba ta jira.

4.0 Shekarun 2023 da 2024

Da tsakar daren 26 ga Fabrairu 2023, kwana ɗaya bayan zaɓen shugaban ƙasa, gobara ta cinye mafi yawan Kasuwar Monday, wato babbar kasuwar garin. Ba a cika wata guda ba, ranar 18 ga Maris, ranar zaɓen gwamnoni, wuta ta tashi a Kasuwar Kwastam. Abin da ya ƙone jari ne na mutanen da rikicin Boko Haram ya riga ya raunana kasuwancinsu tun 2009.

A shekarar da ta biyo baya, masifar ta sauya kama. Madatsar Alau, wadda aka kammala a 1986 don noman rani da shayar da garin, ta ɓalle a watan Satumba 2024, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Ruwan Ngadda ya mamaye yankin Kwastam da kasuwarsa. Hausawa kan ce gobara daga kogi maganinta sai Allah. A nan karin maganar ya kusa zama zahiri.

5.0 Kammalawa

Kasuwa ɗaya ta sha wuta, ta kuma sha ambaliya, cikin wata 18. Wannan ya nuna cewa gina tashar kwana-kwana da sayen motoci rabin aiki ne. Sauran rabin yana cikin kasuwar kanta: tankunan ruwa da burtsatse a kusa, layuka masu faɗin da mota za ta ratsa, gyaran wayoyin lantarki, da kula da madatsar da ke saman gari. Garin da ruwa ke masa ƙaranci da rani, ya kuma yi masa yawa da damina, ba shi da kariyar da ta wuce iya tattalin ruwan nan.