Disneyland: Tarihin Gardama Tsakanin Masoya da Masu Hannun Jari

Duk lokacin da kamfanin Disney ya ba da sanarwar rushe wani sashe na wuraren shaƙatawarsa na Amurka, gardama iri ɗaya ce ke tashi. Masoyan wurin, waɗanda wasunsu tun suna goye aka fara kai su, sai su ce an ci amanar Walt Disney, an danƙa gadonsa a hannun akantoci. Kamfanin kuma ya mayar da martani cewa Walt da bakinsa ya ce ginin Disneyland ba mai ƙarewa ba ne, kuma cikar da ake yi a bakin ƙofa ta isa shaida. An yi wannan ja-in-ja a 1998, an yi a 2014, an sake yi a 2025 da aka rufe kogin Rivers of America na Florida domin a gina filin motocin fim ɗin Cars. Tarihin wurin bai ba kowane ɓangare gaskiya dungurungum ba. Rusau da neman riba suna nan tun ranar farko. Abin da ya sauya shi ne wanda ke biyan kuɗin ginin da kuma mudun da kamfanin ke auna nasara da shi, kuma a nan ne kukan masoya yake da tushe.

An buɗe Disneyland ranar 17 ga Yuli, 1955, a garin Anaheim na jihar Kalifoniya, a kan eka 160 da a da gonakin lemo ne. Ginin ya ci dala miliyan 17, kuɗin da Walt da yayansa Roy ba su da shi. Gidan talabijin na ABC ne ya zuba jari ya kuma tsaya musu wajen cin bashi, ya karɓi kusan kashi ɗaya cikin uku na wurin, su kuma suka riƙa yi masa shirin mako-mako mai suna Disneyland, wanda a zahiri tallar wurin ne tun kafin a gama shi. Cikin wurin ma cike yake da sunayen kamfanoni: kamfanin jiragen sama na TWA ya ɗauki nauyin kumbon zuwa wata, kamfanin mai na Richfield ya ɗauki na ƙananan motocin da yara ke tuƙawa, Monsanto ya kafa zauren nuna kayan sinadarai, daga baya ya ƙara da gidan da aka ƙera da roba. Hatta fadar da ke tsakiyar filin an sa mata sunan fim ɗin Sleeping Beauty shekara huɗu kafin fim ɗin ya fito a 1959. Wanda ya ce a zamanin Walt babu talla a Disneyland bai duba hotunan wancan lokaci da kyau ba.

Haka batun rusau. Walt bai yi wa abin da bai karɓu ba kara. Wasan dabbobi da 'yan tsalle-tsalle da ya buɗe a ƙarshen 1955 makonni kaɗan ya yi aka naɗe tantinsa. Ƙaramin jirgin ƙasa na Viewliner da ya fara aiki a 1957 bai wuce 1958 ba, domin a ba da wuri ga manyan ayyukan 1959, wato dutsen Matterhorn da jirgin ƙasa mai tafiya kan dogo ɗaya da jiragen ƙarƙashin ruwa. Sashen Tomorrowland kuwa, wanda aka gina don nuna rayuwar gobe, kusan gaba ɗayansa aka sake a 1967 bisa tsarin da aka fara tun Walt na raye, kafin rasuwarsa a Disamba 1966. Kamfanin yana da gaskiya ke nan idan ya ce sauyi al'adar gidan ce. Sai dai akwai abin da ba ya son ƙarawa: yawancin abin da Walt ya rushe ƙarami ne, abin da ya maye gurbinsa kuma ya fi shi girma da tsada, kuma sau da yawa sabon labari ne da aka ƙago don wurin kansa. Kwalekwalen Pirates of the Caribbean na 1967 da gidan fatalwa na Haunted Mansion na 1969 ba daga wani fim aka ɗauko su ba. Fina-finan ne suka biyo su bayan shekaru talatin da 'yan kai.

Babu inda sauyin tsarin kuɗi ya fito fili kamar a EPCOT. Abin da Walt ya zana a 1966 gari ne na gaske da mutum dubu 20 za su zauna a ciki. Bayan rasuwarsa magadansa suka ga ba za su iya mulkin gari ba, sai suka buɗe wurin baje koli na dindindin ranar 1 ga Oktoba, 1982, kusa da Orlando a Florida, a kan kuɗi kimanin dala biliyan ɗaya. Manyan kamfanonin Amurka ne suka ɗauki nauyin zaurukan: Exxon na makamashi, General Motors na sufuri, Kraft na noma da abinci, Kodak na ƙirƙira, sannan General Electric ya ɗauki zauren Horizons a 1983. Muddin waɗannan kamfanoni na biya, Disney na iya riƙe zaure mai ɗaukar dubban mutane a sa'a yana ba su labarin tarihin sadarwa ko rayuwa a sararin samaniya, ko da bai sayar da 'yar tsana ko ɗaya ba. Da General Electric ya janye a 1993, sai Horizons ya fara tangal-tangal har aka rufe shi a Janairu 1999. Da masu ɗaukar nauyi suka ragu, kowane gini sai ya nemo wa kansa dalilin zama, kuma dalili mafi sauƙi shi ne fim. Shi ya sa kwalekwalen Maelstrom na rumfar Norway ya koma na Frozen a 2016, zauren makamashi kuma ya koma na jaruman Guardians of the Galaxy a 2022. Masu kewar tsohon EPCOT suna kewar abin da kamfanonin mai da na mota suka biya, ko sun sani ko ba su sani ba.

Sauyi na biyu ya zo ne daga kasuwar hannun jari. A 1984 ɗan kasuwa Saul Steinberg ya yi yunƙurin saye Disney ya yanyanka shi, lamarin da ya kai ga kawo Michael Eisner da Frank Wells shugabanci a watan Satumba na shekarar. Suka lura cewa tikitin shiga ya yi araha idan aka dubi yadda mutane ke son wurin, suka ɗaga farashi, jama'a ba su daina zuwa ba. Da farko an mayar da ribar cikin gini. Amma bayan asarar da Euro Disney na kusa da Paris ya jawo daga 1992, sai aka shiga tsumulmula. Sakamakonta shi ne California Adventure, da aka buɗe a Fabrairu 2001 a tsohon filin ajiye motocin Disneyland, mai yawan shaguna da gidajen abinci da ƙarancin abin hawa. An yi hasashen baƙi miliyan 7 a shekarar farko, aka samu kusan miliyan 5. A 2003 kuma wani mutum ya rasu a jirgin Big Thunder Mountain na Disneyland, hukumar jihar Kalifoniya ta ɗora laifin a kan sakacin gyara. Ƙorafin masoya ya haɗu da na Roy E. Disney, ɗan yayan Walt, wanda ya jagoranci yaƙin da ya sa kimanin kashi 43 cikin ɗari na ƙuri'un masu hannun jari suka ƙi mara wa Eisner baya a Maris 2004. A 2007 kamfanin ya ware dala biliyan 1.1 don sake fasalin California Adventure.

A nan mai kare kamfani zai ce, to ai ga shi: yawan masu zuwa shi ne alƙali, in an yi ha'inci ƙofa za ta tona asiri, babu buƙatar hayaniyar 'yan tsiraru. Hujja ce mai ƙarfi, kuma labarin 2001 ya goyi bayanta. Rauninta shi ne kamfanin da kansa ya daina ɗaukar yawan kawuna a matsayin babban ma'auni. Disney ba ya fitar da adadin baƙin kowane wuri. Ƙiyasin masana harkar ne ke cewa wurin Magic Kingdom na Florida ya karɓi kusan miliyan 21 a 2019, ya sauka ƙasa da miliyan 18 a 2023. Abin da shugabanni ke alfahari da shi a gaban masu hannun jari shi ne nawa kowane baƙo ya kashe. A 1982, da aka soke takardun hawa masu haruffa A zuwa E aka koma tikiti guda, kuɗinsa dala 12 ne, kusan dala 40 a kuɗin yau. A Oktoba 2024 tikitin ranakun cunkoso a Disneyland ya kai dala 206, mafi araha kuma dala 104. Tsarin FastPass na gajarta layi, wanda kyauta ne tun 1999, an maye gurbinsa da na kuɗi a 2021. Wuri na iya rage baƙi ribarsa ta ƙaru, don haka ƙofa ba za ta ƙirga iyalin da suka yi lissafi a gida suka fasa tafiya ba.

Wani zargin shi ne duk kukan masoya begen ƙuruciya ne kawai. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Da aka sanar a 2020 cewa za a sauya Splash Mountain, wanda aka gina a kan fim ɗin Song of the South na 1946 da ya daɗe yana shan suka kan yadda ya kwatanta rayuwar baƙar fata a kudancin Amurka, da yawa daga masu adawa ba su da hujjar da ta wuce sabo. Kuma gasa ta gaske ce: tun da kamfanin Universal ya buɗe sashen Harry Potter a 2010 ya janye jama'a, Disney ba shi da damar zama da tsofaffin kaya. Duk da haka, kamfanin ba shi da bakin raina bege, tunda shi ne hajarsa. Titin Main Street da ke tarbar baƙo kwaikwayon ƙaramin garin Amurka ne na farkon ƙarni na 20, wanda Walt ya tuna daga yarintarsa a Marceline ta jihar Missouri. Uba na biyan kuɗin jirgi da otal ne domin ya ɗora ɗansa kan abin da shi ma aka ɗora shi. Wanda ke sayar da tuna baya kuma yana rushe abin tunawar, yana cin irin shukarsa ne. Kamfanin ya san haka, shi ya sa da ya cire wani ɗan dodo mai suna Figment daga mafi yawan zauren Kodak a 1999 aka yi ca, ya dawo da shi a 2002.

Abin da shekaru saba'in ɗin nan suka nuna shi ne tambayar ko a sauya ko kar a sauya ba ta da amfani, domin za a sauya. Tambayoyin da ke rarrabe gyara da tatsa sun fi haka takamaimai: shin sabon abu ya ƙara yawan mutanen da wurin ke iya ɗauka ko ya maye gurbin tsoho ne kawai, an bar wa maƙeran wurin damar ƙago labarin kansu ko an tilasta musu jiran fim, kuma iyali mai matsakaicin ƙarfi zai iya shiga ba tare da cin bashi ba? Wuraren shaƙatawa da jiragen ruwa na yawon buɗe ido su ke kawo fiye da rabin ribar Disney a 'yan shekarun nan, kuma a 2023 kamfanin ya yi alkawarin zuba dala biliyan 60 a cikinsu a shekara goma. Kuɗin gini ba shi ne matsala ba. Idan masoya suka tsaya kan waɗannan tambayoyi uku, maimakon tatsuniyar wani zamani da babu ciniki, za su fi samun kunnen masu hannun jari, kamar yadda aka gani a 2004 lokacin da ƙorafinsu ya zo daidai da lissafin masu kuɗi.